Talata a Mangere

Ran Talata, ƙarfe goma, zauren coci a Mangere.
Ruwa na dukan kwanon rufi tun asuba bai tsagaita ba.
Mu goma sha ɗaya ne. Kujerun ba su da hannu,
Leitu ce ta roƙi haka,
don wata kujera mai hannu ta taɓa riƙe ta a asibiti
har sai da maza biyu suka ja,
ana ta kallo.

Ni Siniva, kilo ɗari da sittin da uku.
Na haddace lambar kamar ta ƙofar gidanmu.
Likita ya rubuta ta bai ɗago kai ba,
ya ce, "Ki riƙa tafiya." Tafiya ina?
Daga ƙofa zuwa akwatin wasiƙa
gwiwar hagu sai ta kai ƙarata wurin ta dama.

Malama Kuang ba ta kai kafaɗata ba.
Shekara saba'in da huɗu, baƙin takalmin yadi.
Ba ta taɓa tambayar me muka ci jiya ba.
Cewa take, "Ku tsaya. Tsayuwa ma aiki ce.
Ku bar nauyin ya sauka, ƙasa ba ta gajiya."
Shekara talatin ana ce mini in rage shi,
yau wata ta ce in ba ƙasa ajiya.

Ƙafar dama ta cika, ta hagu fanko.
Sai a juye, sannu, kamar madarar kwakwa
daga wannan kwano zuwa wancan,
ba a son ko ɗigo ya zuba.
Zufa ta gangaro ta bayan wuyana.
Fetaui ta zauna, ta ci gaba da hannu kawai,
ba wadda ta waiga.
Jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa zai sauka,
tagogi suka yi rawa, mu muna tsaye.

"Zalɓe ya buɗe fiffike."
Muka kwashe da dariya, Leitu har da hawaye:
wane zalɓe ne da irin waɗannan damatsa?
Malama ba ta dara ba, ba ta kuma hana ba.
Ta jira muka gama. Muka ɗaga.

Sannan ta ce, "Hannu kamar gajimare."
Dama ta gifta gaban fuska, hagu ta biyo ta ƙasa,
wuyan hannu ya lanƙwashe, yatsu suka zo daga baya,
sai na ji na san hanyar nan.
Ina 'yar shekara tara a Savai'i,
an shafe ni da man kwakwa, fure a kunne,
kakata na tafi, ina rawar siva a kan tabarma,
ana cewa dubi yarinyar, kamar ba ta da ƙashi.
Hannun nan ne. Ashe bai je ko'ina ba.
Yana cikin wannan, ya lafe,
kamar kifi a ƙarƙashin murjani.

Malama ta tsaya a gabana. "Wa ya koya miki?"
Na ce, "Ta daɗe da rasuwa."
Ta gyaɗa kai, ta sauke mini gwiwar hannu da yatsa ɗaya,
ta wuce wurin Fetaui.

Wata huɗu ke nan. Ma'auni ya ce kilo biyu,
kuma ba na rantsuwa da shi.
Amma jiya na wanke tukunyar gwaza a tsaye
ban jingina da komai ba.
Da yamma na isa akwatin wasiƙa.
Takardar kuɗin wuta ce kaɗai a ciki.
Ruwa ya ɗauke, ciyawa na ɗiga,
ban yi saurin komawa ba.
Na cika dama, na bar hagu fanko,
takardar na hannuna tana bin iska.
Jikata Moana ta manna hanci a gilashin taga.
Da na juyo na ga ta ɗaga nata hannun,
tana yi, tana kuskure, tana sakewa.