Batir Biyu a Aljihun Tasi'u

Shekara goma sha ɗaya ina buɗe cikin salula
a rumfar kwano, gabas da babbar kasuwar Maraɗi.
Na san batir idan ya yi fushi:
ya kumbura kamar kwaɗo, ya yi shiru.
Shirun nan nake tsoro.

Ran Litinin Tasi'u ya jingine kabu-kabunsa,
ya ajiye min wani ƙarfe a tebur,
mai nauyi kamar kwaɗon ƙofa.
Ya ce daga Jibiya aka kawo masa, jikka goma sha biyar,
babu kwali, babu takarda.
Ya zuƙa, ya busa,
ƙamshin mangwaro ya rufe mai shayi da tukunyarsa.
Yara suka yi tafi.

Na kwance shi. Ban ga mai gadi a ciki ba,
ɗan allon nan da ke yanke wuta
in zafi ya wuce kima.
Waya ce kawai ya naɗa da hannunsa,
yadda ya ga wani ya yi a bidiyo,
sai batir mai yagaggiyar riga,
ƙarfensa a waje kamar gwiwar yaro.

Na ce, Tasi'u, wannan na waɗanda suka san lissafinsa ne,
su ma da ma'auni suke taɓa shi.
Kai ko sigari ba ka taɓa riƙewa ba.
Ya yi dariya: Malam Ɗan Jimo, tsufa ne.
Ya ɗauki batir na biyu, tsirara,
ya jefa aljihu cikin makullai da ƴan dala-dala.

Sauran labarin a bakin mutane na ji shi.
Laraba, bayan azahar, watan Afrilu,
kwalta tana narkewa a hanyar Ɗan Gulbi,
da fasinja a bayansa, tsohuwa mai buhun zogale.
Makulli ya taɓa kai, kuɗi ya taɓa gindi.
Suka ce ƙara ɗaya ce, kamar tayar mota,
sai wuta shuɗiya daga wandonsa.
Tsohuwa ta faɗa kwata, ta tsira da karayar hannu.

Na je asibiti da lemo huɗu a leda.
Cinya a naɗe, yatsu uku a naɗe.
Mahaifiyarsa, Indo, tana fifita masa,
ta tambaye ni ko kwalbar ruwan mangwaron nan
da ta tsinta kan tagar ɗaki magani ce,
don ƙanwarsa ta kusa lasa.
Na karɓe ta, na sa a aljihuna.

Bai dube ni ba.
Ni ma ban ce na gaya maka ba.

Yau da safe wani yaro daga Bagalam
ya ajiye irinsa a teburina,
yana tambaya ko ina da caja mai sauri.
Na jawo masa benci.
Na ce wa mai shayi ya haɗa biyu.