Mu Huɗu Zuwa Gadar Binuwai

Shekara ashirin ina tuyar makala
a bakin kasuwar Garwa,
hannuna ya san awon sukari ko a duhu.
Yau sukarin ya biyo ni har cikin jini.

Likita ya dubi ma'auni, ya dube ni:
"Kilo ɗari da shida, Hajiya Tasallah.
Gwiwar nan ba jaki ba ce."
Na yi dariya a lopital,
kukan kuwa a bayan mai babur na yi shi.

Mu huɗu ne, bayan asuba.
Dudu, ƙwayar hawan jini ƙulle a bakin zani,
Laraba, ƙirjinta na fito kamar butar shayi,
Asta, lafiyarta lau, sai surutu
da tsoron bin sawun uwarta.
Muna takawa har gada.
Masunta sun gaji da kallonmu.

Ran da na ci malmala uku a gidan suna
na ƙi fitowa.
Dudu ta bugi ƙyaurena da takalmi:
"Tuwon jiya ya wuce, ƙafar yau muke nema."

Dangi na tambaya ko maigida ya daina cefane.
Na ƙyale su, na ƙara zogale a kwano.

Wata bakwai, kilo tara.
Ba yawa. Allurar na nan, ƙwayar ma.
Amma jiya na yi salla ba kujera,
goshina ya sami ƙasa,
na daɗe ban ɗago ba
har Asta ta taɓa ni ta ce, "Ke, lafiya?"