Komai Nisan Jifa

Zulai ta baje littattafai a teburin kicin,
ruwan Sheffield na ƙwanƙwasa taga tun la'asar,
ni ko rigar aiki ban cire ba,
ƙafata na tuna kowane birki na yini.

"Baba, in an jefa abu sama,
hanyar da ya bi kafin ya sauka,
me ake ce mata da Hausa?"

Na buɗe baki, na rufe.

Na ce, ya danganta da abin, 'yar nan,
mu ba mu raba tafiya da mai tafiya.
Shirwa jewa take yi a sama,
sai ta hango ɗan tsako ta kawo sura.
Maciji ya sulale, zomo ya yi zilliya,
kibiya ta miƙe sak ba ta tambayar hanya.
Tsohuwar taya in ta kuɓuce wa yaro a tudu
gangarawa take, tana tangaɗi,
ta yi katantanwa sau uku kafin ta kwanta.
Tauraro in ya tsinke da dare, wulgawa ya yi,
ba ka cewa ka gan shi,
sai dai ka ce wani abu ya gifta.
Bas ɗin da nake ja kuwa, zarya ce zalla:
Crookes zuwa Woodhouse, Woodhouse zuwa Crookes,
na san kowace kwana kamar tafin hannuna,
inda titi ke lanƙwasa, inda yake kurɗawa
tsakanin gidajen jan bulo masu kama ɗaya.

Ta yi dariya. "Baba, gurbin amsar ɗaya ne."
Ta juyo mini da takardar:
layi ya tashi, ya rusuna, ya sauko,
kamar ƙwarya a kife.

Na ce, wannan ai tun kakanni an gama shi:
komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Ta ciji gindin fensir.
"Malama Pritchard ta ce ba kullum ba.
In jifan ya yi ƙarfi ƙwarai,
dutsen na faɗowa, yana faɗowa,
amma ƙasa na lanƙwashewa tana kauce masa.
Sai ya yi ta kewaye.
Bai tafi ba, bai kuma sauka ba."

Shayi ya huce a hannuna.

Shekara biyu na ce wa Inna
a tashar Malumfashi, tana riƙe da bakin jakata.
Kwas ne kawai, na ce, in na gama zan juyo.
Bana sha tara ke nan.
Filin da na saya a bayan asibiti
an zuba masa harsashi, tafasa ta rufe shi.
Duk bayan shekara uku nakan wulga ta kan garin,
mako biyu, gaishe-gaishe, ta'aziyyar da ta kwana,
kafin zufa ta saba da jikina
na sake yin sama.
Ranar da aka kai Inna
ina tsaye a danja, fasinja arba'in a bayana,
waya na rawa a aljihu.

"Baba? Shi wannan kewayen, yana da suna?"

Na lalubo shi can ƙasan ƙwaƙwalwa,
inda karatun zaure ya kwanta.
Falaki, na ce. Rubuta falaki.

Ta cike gurbin da Turancin da aka nema,
sannan a gefe, da ƙananan baƙaƙe,
ta rubuta tawa, ta ja mata layi.

Na wanke kofi, na saita agogo.
Huɗu da rabi motar farko ke fita,
kuma hawan Crookes da santsi in an kwana ana ruwa.