Ƙafar Baba a Faifan Kuloci

A Kwangila ta ƙi ni, ranar Talata,
kwando goma sha biyu na tumatir a baya.
Na taka kuloci, ya nutse har ƙasa
kamar an taka ruɓaɓɓiyar kabewa.
Giya ta yi ƙara, haƙori na cizon haƙori,
'yan acaba na zagina suna wucewa.

Akori-kurar Baba ce. Fara ce a da.
Shekara ashirin da huɗu tana jigila
daga fadamar Galma zuwa Sabon Gari.
Bara ya bar min makulli da bashin taya,
ya tafi inda ba a dawowa.

Da igiya aka ja mu har Muciya,
gindin darbejiya, garejin Jatau.
Bai tambaye ni komai ba. Ya shimfiɗa kwali,
ya shige ƙarƙashi kamar gafiya,
ya fito da yatsa jiƙe da man birki:
"Famfon ƙasa ya mutu, robarsa ta tsage.
Tun yaushe yake hawaye ba ka dubawa?
Faifan kuma, shinshina, ka ji ƙauri.
Sai giyabos ya sauka. Ba gujewa."

Tumatir na zufa a rana.
Lantana mai tuwo ta taya rabin kuɗi,
bakina na ƙi, hannuna na sallamawa.

Aka cire batir, aka zare furofela,
notuna na taruwa a gwangwanin madara.
Guda ya kafe, ya cinye bakin sifana biyu,
sai da ya sha kananzir kafin juyawa.
Giyabos ya sauko bisa katako da ƙirjin mutum uku,
nauyin ɗan maraƙi, amma ba numfasawa.

Jatau ya ɗaga faifan ya duba a haske,
ya suɗe har ƙusa, gefe ya yi shuɗi.
"Mai motar nan ba ya ɗauke ƙafa.
Ɗora ta yake bisa kuloci yana tafiya,
kamar mai jiran wani abu ya faɗo titi."

Na yi shiru.
Ina ɗan shekara tara, a Ƙofar Doka,
wata yarinya ta biyo kazarta da gudu.
Taki ɗaya ya rage. Ba ta ko waiwaya ba.
Baba ya sauka ya zauna bakin kwalta,
hularsa a hannu, gwiwarsa na kaɗawa.
Bai taɓa ba wa Inna labarin ba.
Ashe ƙarfe ya yi ta rubutawa.

Shagon Ikenna: sabo dal ko ɗan Beljiyam?
Kuɗin tumatir suka zaɓar min.
Faifai, boris, famfo a kwali,
canjina bai kai na shayi ba.

La'asar sakaliya aka mayar da komai.
Jatau ya saita faifan da guntun sandar fartanya,
ido ɗaya a rufe kamar maharbi.
Ni a sitiyari, shi a ƙasa da kwalba:
"Taka! Taka! Taka! Riƙe!"
Tsit, iska ta tofo kumfa.
"Saki. Sake takawa."
Sau bakwai, sau goma, cinyata na zogi,
sai na ji daga ƙasa ana turo tafin ƙafata,
a hankali, kamar mai gaisawa.

Ta ɗauki giya ɗaya ba gardama.
Jatau na goge hannu da tsumma ya ɗaga murya:
"Ka riƙa ɗauke ƙafar nan, ɗan Nomau!"
Na ce to.

Tsohon faifan na ƙarƙashin kujera,
mai gwangwan ya taya, na ƙi sayarwa.
Ana kiran magariba na iso Ƙofar Doka,
yara na tsallaka titi da buta.
Na dubi ƙasa.
Ƙafata ta riga ni komawa.