Minti Goma Sha Ɗaya a Porto

Gwangwanin ya yi tsatsa.
Ina buɗewa warin tsami ya bugi hancina.
A jikin takarda an rubuta da fensir:
Mai zanen tayil, safiyar Talata.
Babu shekara, sai sunan mai ɗauka,
Belmiro, wanda ko kabarinsa ba a sani ba.

Na ɗaura fim, na kashe fitila.
Bango ya yi tari, ya farka.

Ga kogin Douro babu launi,
kamar toka ta narke.
Ga kwale-kwale maƙil da ganguna,
ga karusa na hawan tudu,
ga mutane suna ta sauri,
saurin wanda ya bar tukunya a wuta.
Ba halinsu ba ne,
hannun Belmiro ne ya yi sanyi wajen murɗa inji.

Sai mai zanen, Firmino,
ya sa rigar Lahadi ranar Talata,
yana jan burushi a hankali,
yana zana jirgin ruwa
da shuɗin da ba za mu taɓa gani ba.
An ce masa kada ya dubi inji.
Bai duba ba. Wuyansa ya sandare don biyayya.

Ana cikin haka wata mai tallan kifi
ta ratso tsakani,
kwando a ka, ƙafa ba takalmi.
Ta ja ta tsaya. Ta dube mu.
Daƙiƙa huɗu cur.
Bakinta ya motsa:
ko farashi ta faɗa, ko baƙar magana,
shiru ya haɗiye.
Wani hannu ya shigo ta gefe yana korar ta.

Na san Belmiro ya ciji yatsa ran nan.
Fim da tsada, ga ta ta ci masa kamu biyu.
Amma bai yanke ba.
Ƙila almakashi ne ya ɓace,
ƙila shi ma ya riƙa mayarwa baya
yadda nake yi yanzu, karo na tara.

Tayil ɗin Firmino yana nan a bangon wani shago,
baƙi suna ɗaukar hoto a gabansa.
Ita kuwa ko suna ba ta bari ba,
sai wannan harara,
da ɗigon ruwan kifi
da ya taso daga kwando yana bin kumatunta,
yau shekara ɗari
bai kai haɓa ba.