Zoben da ke Gonar Fintan

A yammacin Ireland, inda ruwan sama ba ya sallama,
akwai zoben ƙasa a tsakiyar gonar Fintan Culligan,
tsohuwar ganuwa da ciyawa ta haɗiye,
farar ƙaya tsaye a kanta da furfurar fure.

Masana sun zo daga Dublin da igiyar awo.
Suka ce garke ne kawai,
wani ya killace shanunsa shekara dubu da ɗoriya.
Fintan ya ba su shayi, bai yi musu ba.

Amma motar nomansa in ta iso nan, kwana take yi.

Bai manta kawunsa Malachy ba,
wanda ya sari reshe ɗaya don gyaran ƙyaure:
kafin Lahadi madara ta tsinke a bokiti,
jar saniya ta kwanta, kwanciyar ke nan.

"Kaka, ka yarda da mutanen ɓoye?" in ji Nuala.
"Ko kusa," ya ce,
yana tsiyaya farkon tatsa a gindin ƙayar.
"Sai dai maƙwabci maƙwabci ne,
kuma sun riga mu zuwa."