Yaɓen Bana

Bazara ta kawo kai, na jiƙa ƙasa,
kwana uku tana tsima da ramno a bayan rumbu.
Nomau magini ya ce ladansa ya tashi,
na ce to, ni da ƙuguna ma lallaɓa.

Tabawa ta leƙo daga madafi:
"Malam, ba gidan da ka ce na sayarwa ne ba?
Wahalar ta mece ce?"
Na ce, ko tunkiyar da za ta Gujungu
ai sai ta sha dusa kafin a sa mata igiya.

Ban ce gobe ba, ban ce baɗi ba.
Mudi dai na ta kira daga Kano:
ku dawo kusa da mu, kusa da asibiti.
Gwiwata ta fara ba shi gaskiya.
Amma ran da zan amsa,
ba na so a tsaya a zauren ubana
a yi masa tayin kango.

Shi ya sa duk Juma'a da hantsi
nake zaga katanga da 'yar sanda ina ƙwanƙwasa.
Inda ta amsa da nauyi, in wuce.
Inda ta yi muryar ƙwarya, in tsaya,
don gara ba ta sallama.
Kan azara ya sha baƙin mai,
ƙyauren zaure ya daina kuka.
Indararo kuwa, da hannuna nake yashe shi:
ganyen darbejiya, leda, sheƙar gwara.
Ruwa ba ya kada soro ran da ya sauka,
sai ran da ya rasa hanya ya kwana.

Saiwar da ta miƙe ƙarƙashin ɗakin Tabawa na datse ta.
Bakin rijiya na ɗaure shi da siminti buhu ɗaya,
kuɗin gyaɗar bara ke nan.
Takardar dagaci tana cikin gwangwani, a naɗe a leda.
Shaidu uku ne a jiki, biyu sun riga mu,
sai na nemo masu rai suka dangwala.
Iyakata da Barau mun kafa mata dutse
tun muna iya dariya a kai,
kada 'ya'yanmu su gaji abin da ba mu bari ba.

Shekaranjiya Sallau dillali ya biyo.
Na shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba.
Bai ɗaga kai ya ga rufi ba,
bai shafa bango ba.
Taku ya yi ta yi, daga ƙofa zuwa turke,
yana ƙirga a leɓe.
Ya ce, "Kwalta ta nan za ta bi.
Mai saye fili yake nema, Malam.
Bulo zai zuba, shago huɗu da wurin cajin waya."

Na raka shi har gindin tsamiya.
Daren nan tuwo bai wuce ba.

Da asuba na je bayan rumbu,
ƙasa ta tsimu, tana ƙamshin nan nata.
Ba ta ji abin da Sallau ya ce ba.
Damina ma ba ta ji ba.
Kuma har yanzu a ɗakin nan muke kwana.

Na cura, na maka, na shafe,
daga kusurwar gabas na faro.
A gefen ƙofar tsakar gida akwai sawun yatsu biyar,
na Inna, shekarar da ta zame ta dafa ɗanyen yaɓe
tana yi wa kanta dariya.
Duk shekara kewaye shi nake yi.
Bana ma na kewaye.

Tabawa, miƙo min ruwa a masaki,
ki kama min tsanin nan da kyau.
Gabas ta fara haɗa rai,
ga rabin bango bai sha hannu ba.